Kuɗi na Cikin Akwati, Mangaza Rabi

A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kelle, cikin duwatsun Kutus a arewacin Gure, akwai bankin cimaka da ya yi shekara biyu a jere yana sayen hatsi a makare. Wanda ya san wannan aiki ya san girman ɓarnar. Dabarar duka ita ce a saya da kaka, cikin Oktoba ko Nuwamba, sa'ad da tiya take araha, a adana, a fito da shi tsakiyar damina a sayar wa ƴan gari da rangwame bayan rumbuna sun ƙare. Mutanen yankin ba su manta da yunwar 2005 ba, wadda ta biyo bayan fari da fara na 2004. Ga shi kwamitinsu na mutum bakwai ba ya isa kasuwa sai Fabrairu, farashi ya riga ya hau, kuɗin da zai cika mangaza ya tsaya a rabi.

Zaton farko ya faɗa kan ma'aji. Aka ce yana juya kuɗin jama'a, yana sayen awaki da su kafin ya mayar. Aka kira shi gaban maigari, aka buɗe akwati, aka ƙirga. Ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Akwatin ma kwado biyu gare shi, makullin ɗaya yana hannun wata dattijuwa wadda ba a taɓa jin ta da abin wani ba.

Sai masu zuwa daga birni suka ce ai ƙabilanci ne, tunda kwamitin ya haɗa Barebari da Hausawa da Bafulatana. Wannan bayani yana ɓata mini rai, don shi ne abin da baƙo yake ɗauka idan ya ƙi tsayawa ya duba. Babarbare da Bafulatani abokan wasa ne, tsokanarsu ma sauƙaƙa taro take yi. Kuma mutum biyun da aikin ya fi rataya a wuyansu gida ɗaya suke: ma'aji yana auren ƴar shugaba.

Magatakardar kwamitin, wata malamar makarantar firamare, ita ce ta ba ni labarin yadda ta koma kan littafin taro da ta rubuta da hannunta. Kowane zama na kaka ya ƙare da "an amince a sayi hatsi". Ba gardama ko sau ɗaya. Da ta duba sunayen waɗanda suka yi magana, sai ta ga uku ne kullum: shugaba, mataimakinsa, sai ita. Sauran huɗun an rubuta sun halarta, shi ke nan.

Ta taɓa yin wani horo a Damagaram inda aka koya musu wasan gane hali, sai ta kawo shi zaman gaba. Ta zana da'ira huɗu a rairayi gaban mangaza, ta yi tambaya ɗaya: idan aka ce hatsi ya faɗi a kasuwar Kazowe, mene ne farkon abin da ke zuwa ranka? Mai cewa a tashi yanzu ya shiga ta farko. Mai son ganin lissafi tukuna ya shiga ta biyu. Ta uku ta mai tambayar ko an shawarci kowa ce, ta huɗu kuma ta mai hangen baɗi da sabuwar dabara. Shugaba da mataimaki suka shiga ta farko tun ba ta rufe baki ba. Dattijuwa mai makulli da Bafulatana suka nufi ta uku. Ma'aji ya daɗe a tsaye, ya bari kowa ya zaɓa, sannan ya taka cikin ta biyu shi kaɗai.

Irin wannan wasa yana da tushe. Carl Jung ya fitar da littafinsa kan ire-iren halin ɗan Adam a 1921, kuma daga nan gwaje-gwaje da yawa suka samo asali. A kwalejin Henley ta Ingila, Meredith Belbin ya yi shekaru yana haɗa manajoji rukuni-rukuni suna gasa, ya ga rukunin da aka cika da mafi kaifin ƙwaƙwalwa sau da yawa baya yake zuwa, don kowa jayayya yake yi, ba mai ƙarasa aiki. Ya wallafa wannan a 1981. A ganina kada a ɗauki da'irar nan kamar sikeli mai auna mutum. Wanda ya tsaya nan yau yana iya tsayawa can gobe, kuma laƙaba wa mutum suna har abada zalunci ne. Amfaninta shi ne tana buɗe tambaya ta gaba.

Tambayar kuwa ita ce: me kake bukata kafin zuciyarka ta yarda? Shugaba ya ce shi dai ya ga ba wanda ya musa. Ma'aji, idonsa a ƙasa, ya ce yana son farashin kasuwa biyu, da kuɗin amalanke, da kuɗin buhuna, da sunan wanda zai tafi. Nan rabin asirin ya fito. Shugaba yana tashi daga taro da yaƙinin an gama magana, ma'aji yana tashi yana jiran lambobin da ba a ɗora wa kowa nemowa ba. Shiru ma magana ce, amma kowannensu da abin da yake ji a cikinta.

Malamar ba ta gamsu ba, kuma tana da gaskiya. Mai son lissafi yana da baki, me ya hana shi tambaya har shekara biyu? Ta lura sa'ad da yake magana bai juya wajen shugaba ba ko sau ɗaya. Sai ta tuna abin da kowa ya sani ba wanda ya haɗa shi da hatsi: wa zai buɗe baki gaban jama'a ya nuna wa surukinsa kuskure?

Edward de Bono, ɗan ƙasar Malta, ya kawo dabarar huluna shida a 1985, inda baƙar hula take ɗora wa mutum aikin neman aibi. Malamar ba ta nemi huluna ba. Ta tsinci baƙin dutse, ta ce duk wanda ya riƙe shi dole ya faɗi abu ɗaya da zai iya lalata shirin, kuma dutsen ne ya yi magana, ba shi ba. Ta durƙusa ta ce wa shugaba, "Baba, yau ka yi mana haƙuri, kai ne za ka rufe taro." Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2010 ya nuna rukunin da ƴan kaɗan suka mamaye magana a cikinsa ya fi raunin warware matsala, ita kuma ta riga ta gani a littafinta.

Da dutsen ya iso hannun ma'aji, sai ya ce akwai gara a kusurwar gabas ta mangaza. Buhuna a ƙasa suke, ba katako, kuma ya ga abin da ta yi wa na ƙasa a shekarar farko. A lissafinsa, kowane wata da hatsi ya ƙara a ɗakin nan asara ce, shi ya sa bai taɓa matsa a saya da wuri ba. Mangazar kuwa surukinsa ne ya tsaya a kan gininta, yana alfahari da ita.

Shugaba ya tashi da kansa, ya shiga da tocila, ya ɗaga buhu ya gani. Da ya fito bai kalli ma'aji ba, ya ce wa malamar, "Ƴata, rubuta siminti da katako."

Aka raba aiki bisa da'irorin. Shugaba da mataimaki suke zuwa Kazowe da Gure su bugo waya da farashi, ma'aji ya haɗa lissafi kafin zama, dattijuwa ta bi mambobi gida-gida ta ji abin da ba za su faɗa a fili ba. Kakar da ta biyo baya an sayi hatsi cikin Nuwamba. Kuɗin simintin ne ya jawo gardama: mataimaki ya so a cire daga jari, Bafulatana ta ƙi, ta ce a yi karo-karo, aka kwana biyu ana ja kafin a bi shawararta.