Na'urar nuna hanya a mota: Yadda ake ɓoye wayarta ba tare da jawo haɗari ba

Direbobin da ke amfani da na'urar nuna hanya ta GPS, irin wadda ake mannawa a gilashi a kuma cire idan an isa, kan so su rabu da wayar wutar da ke reto daga gilashin zuwa ramin laita.

Aikin ɓoye wayar bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba. To amma kuskure a cikinsa na iya kashe batir, ko ya haddasa gobara, ko kuma ya hana jakar iska buɗewa yadda ya kamata a ranar da aka yi haɗari.

Daga hannun soja zuwa gilashin mota

Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta ƙirƙiro tsarin GPS. An harba tauraron ɗan Adam na farko na tsarin a shekarar 1978, sannan a 1995 aka bayyana cewa ya kammala da taurari 24, waɗanda ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga doron ƙasa.

Har zuwa shekarar 2000, da gangan sojojin Amurka ke rage ingancin siginar da farar hula ke samu, ta yadda na'ura kan iya kuskure wuri da mita 100. A watan Mayun wannan shekara ne Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina yin hakan, lamarin da ya buɗe kasuwar na'urorin mota.

Kamfanin TomTom na ƙasar Holland ya fito da samfurinsa na GO a 2004, shi kuma Garmin na Amurka ya biyo baya da nüvi a 2005. Kasuwar tasu ta fara ja da baya bayan da Google ya soma ba da jagorar hanya kyauta a wayoyin salula a 2009.

Duk da haka har yanzu direbobin manyan motoci da matafiya masu ratsa wuraren da babu sabis na amfani da su. Haka kuma ƙa'idojin ɓoye wayar su ne dai ake bi wajen saka mariƙin wayar salula ko kyamarar gaban mota.

Dalilan ɓoye wayar

Baya ga tsafta, akwai batun tsaro. Wayar da ke lilo na iya sarƙe giya ko sitiyari, kuma idan ta faɗi ƙasa tana iya naɗewa a birki ko kuloci.

Akwai kuma batun ɓarayi. A tsakiyar shekarun 2000, lokacin da satar waɗannan na'urori ta yi ƙamari a Birtaniya, 'yan sanda sun riƙa jan hankalin masu motoci cewa ɓarawo ba ya buƙatar ganin na'urar kafin ya fasa gilashi. Mariƙin da aka bari a manne, ko wayar da aka bari a laita, ko ma da'irar da robar mannawa ta bari a jikin gilashi, sun ishe shi zaton cewa na'urar na cikin akwatin gaban fasinja.

Saboda haka abin da ake nema shi ne, idan an cire na'urar, kada a ga komai in banda ɗan kan waya da za a iya cusawa a gefen dashbod.

Zaɓen wurin da za ta zauna

Kafin a taɓa waya ko ɗaya, sai an fara tantance mazaunin na'urar, domin shi ne zai nuna tsawon wayar da kuma hanyar da za ta bi.

Wurin da ya fi dacewa shi ne ƙasan kusurwar gilashi ta ɓangaren direba. A nan ba ta tare ganin hanya, hannu na kai gare ta, kuma tana kusa da akwatin fiyus a yawancin motoci.

Wasu ƙasashe sun sa wannan batu a doka. A jihar Kaliforniya ta Amurka, an haramta manna na'urar a gilashin gaba har zuwa 1 ga Janairun 2009, lokacin da aka yarda a ɗora ta a ƙasan kusurwa kawai, cikin murabba'in inci biyar ta ɓangaren direba ko inci bakwai ta ɓangaren fasinja. A Birtaniya kuwa, riƙe ta a hannu ana cikin tuƙi laifi ne da ke jawo tarar fam 200 da maki shida a lasisi.

Wurin da bai kamata a kusanta ba shi ne murfin jakar iska ta fasinja. Duk abin da aka ɗora a kansa zai iya zama makami idan jakar ta fashe.

Ya kamata kuma a gwada sigina tun da wuri. Na'urar na buƙatar jin taurari aƙalla huɗu kafin ta gane inda take, alhali wasu samfuran Peugeot da Renault da Citroën na da gilashi mai shafen ƙarfe da aka yi don rage zafin rana, wanda ke raunana siginar. Irin waɗannan motoci na cikin 'yan Beljiyam da ake shigowa da su Najeriya da Nijar. A irinsu akan bar wani yanki mai ɗigo-ɗigo a bayan madubin tsakiya ba tare da shafen ba, kuma a nan ake samun sigina, ko kuma a sa eriya ta waje idan na'urar na karɓa.

Inda za a ɗebi wuta

Batirin ƙaramar mota na ba da wuta mai ƙarfin bolt 12, wadda kan kai 14 idan injin na aiki. Na manyan motoci kuwa 24 ne. Ita na'urar bolt 5 kacal take sha, kuma cajar da ake cusawa a laita ita ce ke rage wutar.

Wannan ne ya sa yanke kan cajar a haɗa wayar kai tsaye da wutar mota ke ƙona na'urar nan take.

Hanyoyi biyu ne masu inganci. Ta farko ita ce a sayi wayar da aka ƙera don wannan aiki, mai ɗan akwatin rage wuta a tsakiyarta. Ta biyu kuma a sayi ƙarin soket irin na laita, a ɓoye shi a bayan dashbod, a cusa cajar asali a ciki, sannan a naɗe su da salatif don kada girgizar hanya ta zare ta.

Hanya ta biyun na da fa'ida ga masu wasu samfuran Garmin, waɗanda abin karɓar rahoton cunkoson hanya ke cikin wayar cajarsu. Bugu da ƙari, wasu daga cikinsu idan aka haɗa su da wayar da ba tasu ba sukan ɗauka an jona su ne da kwamfuta, sai su ƙi nuna taswira.

Kowace hanya aka bi, daga akwatin fiyus ya kamata a ɗebi wutar, a kuma zaɓi layin da ke mutuwa idan an zare makulli, kamar na laita ko na rediyo. Ana ganewa ne da testa: idan fitilarta ta kama makulli na kunne, ta kuma mutu da aka kashe, to an dace. Gwajin ya zama dole, domin a wasu motoci laita na da wuta dare da rana.

Lissafin abin da ke faruwa idan aka yi kuskure a nan ba shi da wuya. Na'urar da ke jan rabin amfiya za ta sha amfiya 12 a kwana guda, wato cikin kwana biyu da rabi ta cinye rabin batir mai amfiya 60. Mai motar da ya ajiye ta ya yi tafiyar mako zai dawo ya tarar da ita ba ta tashi.

Layukan jakar iska da birki da kwamfutar injin da fitilun gaba ba a taɓa su ko da sun fi kusa.

Muhimmancin fiyus

Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin waya ta yi zafi. Wayar da aka ja babu fiyus, idan ta goge ta taɓa ƙarfen mota, robarta za ta narke a bayan dashbod inda ba a gani, kuma daga nan gobara ke tashi.

Akwai wani ɗan abin haɗi mai gurbin fiyus biyu da ake cusawa a mazaunin fiyus na asali. Gurbin ƙasa na tsohon fiyus ne, na sama kuma na sabon layi. Da shi ba a yanke wayar mota ko ɗaya, kuma ranar da za a sayar da motar zarewa kawai za a yi.

Fiyus na zuwa da girma daban-daban, don haka sai a cire na motar a je da shi kasuwa. Launinsa na nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Sabon layin ba ya buƙatar fiye da amfiya 2 zuwa 5.

Ana iya cusa abin haɗin a juye ba a sani ba. Hanyar gwadawa ita ce a sa sabon fiyus shi kaɗai a kunna makulli. Idan na'urar ta kawo wuta, daidai yake, idan kuwa ba ta kawo ba sai a juya shi.

Baƙar wayar kuma ana ɗaure ta ne a notin da ke shiga ƙarfen jikin mota, bayan an kankare fenti ko tsatsa. Notin da ke riƙe da roba ba ya wannan aiki.

Dabarar fere wayar mota a murɗa wata a kanta a naɗe da salatif, wadda wasu masu gyaran wutar mota ke yi don sauri, na da haɗari musamman a motocin zamani, inda wasu wayoyin saƙo suke kaiwa tsakanin kwamfutocin motar.

Hanyar da wayar za ta bi

Daga akwatin fiyus, wayar kan hau ta gefen dashbod, ta bi ƙarƙashin robar ƙofa, ta ɓullo a kusurwar gilashi. Ana tura ta cikin tsagin ne da ɗan abin ɓanɓare na roba, saboda sukudireba na karce dashbod, yana kuma iya huda wayar.

Babban haɗarin yana cikin ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba. A motoci da dama jakar iska ta gefe na naɗe a samansa, kuma tana buɗewa ne cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Wayar da ta gitta ta gabanta na iya karkatar da ita, ko ta tsinke ta bugi fuskar wanda ke zaune.

Idan tilas ne a bi ta ginshiƙin, sai a cire murfinsa a ga abin da ke ciki, a bi da wayar ta bayan jakar, a ɗaure ta tare da wayoyin da kamfani ya shimfiɗa. Rubutun SRS a jikin murfin, da kuma kan haɗi mai launin rawaya, alamu ne na layin jakar.

Kafin aiki a wannan wuri akan cire kan batir mai alamar ragi, a jira daga daƙiƙa 90 zuwa 'yan mintoci gwargwadon umarnin littafin motar. Sai dai a wasu motocin Turai rediyo kan kulle idan aka cire batir, saboda haka yana da kyau a nemo lambar buɗe ta tukuna.

Ragowar wayar kuma a naɗe ta a ɗaure nesa da sandar sitiyari da totur da birki. A sama ana barin abin da bai wuce taƙi ɗaya ba, daidai yadda za a iya jonawa da cirewa.

Kafin a mayar da murafe, sai a kunna a kashe sau biyu ko uku, a juya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe, a kuma duba ko fitilar gargaɗin jakar iska ta mutu kamar yadda ta saba.

Bayan an gama

Ɓoye waya kan sa wasu su yi sakacin cire na'urar, tun da komai ya zauna tsaf. Amma batirin da ke cikinta ba ya jure zafi. Kamfanonin da ke ƙera ta kan ƙayyade iyakar digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, alhali dashbod ɗin motar da aka rufe a rana na iya wuce 70, balle a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a inuwa.

A watan Agustan 2010, Garmin ya janye na'urorin nüvi kimanin miliyan ɗaya da dubu 250 daga hannun jama'a saboda fargabar batirinsu zai iya yin zafi har ya kama da wuta.

Don haka idan an faka, a zare na'urar da mariƙinta a tafi da su, a goge da'irar da ke jikin gilashi, a cusa kan wayar inda ba a gani. Haka nan 'yan sanda a Birtaniya sun daɗe suna ba da shawarar kada a ajiye ainihin adireshin gida a cikinta, gara a sa wata mararraba da ke kusa, domin wanda ya sace ta a wurin ajiye motoci ya san mai gidan ba ya nan, kuma na'urar za ta iya kai shi har ƙofa.