Garmaho ya daina juyawa: a bincika injin kafin a yar da shi

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai wani ɗan akwati mai mariƙi da aka ture ƙarƙashin gado, ƙura ta lulluɓe shi. Garmaho ne, wanda ƴan boko suka sani da sunan tourne-disque. Galibi uba ne ko kaka ya saye shi zamanin da yake aikin gwamnati ko fatauci, kuma kusa da shi akwai tarin fayafayai: Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Franco na Kwango, Bembeya Jazz ta ƙasar Gine. In magada suka jona shi ga wuta, suka ji yana gurnani ba ya juyawa, sai su ce inji ya mutu. Daga nan akwatin ya nufi wurin masu sayen tsohon ƙarfe, fayafayan da samunsu ya yi wuya a yau su zama abin wasan yara. Alhali kuwa sau da yawa injin lafiyarsa lau, abin da ke damunsa bai wuce busasshen mai da tsohuwar roba ba.

Misali mafi kusa shi ne Teppaz, garmahon da kamfanin Marcel Teppaz ya riƙa ƙerawa a birnin Liyon na Faransa, wanda ya yi tashe a shekarun 1950 da 1960. Tsarinsa mai sauƙi ne. Injin yana juya wata siririyar sanda da sauri ƙwarai, kan sandar kuma an yi shi hawa-hawa kamar matakala. Tsakanin sandar da bakin farantin da ake ɗora faifai akwai ƴar tayar roba, wadda Faransawa ke kira galet. In aka murɗa makunnin sauya gudu, tayar ce ke hawa ko sauka daga wannan mataki zuwa wancan, faranti ya yi juyi 16, 33, 45 ko 78 a minti ɗaya. Saboda haka ƙarfin inji sai ya bi ta hannu uku kafin ya kai ga faifai, kuma ko wane ɗaya daga cikinsu ya gaza, inji ake ɗora wa laifi.

Abu na farko da ya kamata a duba, tun kafin a jona wuta, shi ne ɗan maɓallin zaɓen ƙarfin lantarki. A wancan zamani wasu unguwannin Faransa suna amfani da volt 110, wasu 220, don haka aka yi wa injunan mazaɓi. Wutar Nijar volt 220 ce. Wanda ya jona garmaho yana kan 110, cikin ɗan lokaci zai ji ƙaurin waya, kuma ɓarnar da shekaru sittin ba su yi ba, shi ya yi ta da hannunsa.

In wannan ya daidaita, sai a zare wayar daga bango, a cire faranti, a murza sandar inji da yatsa. Lafiyayyar sanda tana ci gaba da juyawa kaɗan bayan an sake ta. In ta cije, ko tana motsi da ƙyar, to mai ne ya daskare. Sandar tana zaune ne cikin zobba biyu na tagulla, sama da ƙasa, masu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda suke shan mai kamar soso. Zafin bazara da ƙurar hunturu sukan mai da wannan mai kamar ƙaro. Maganinsa shi ne a kwance injin, bayan an yi wa ɓangarorinsa alama don kada a mai da su a juye, a wanke sanda da zobban da alkol na kantin magani, a bari su bushe, sa'an nan a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu ko uku. Ban da man gyaɗa, domin yakan yi danƙo ya sake ƙulle injin, ban da giris mai kauri kuma. A kiyaye kada ko ɗigo ɗaya ya taɓa matakalar sandar ko robar, don mai a nan santsi yake kawowa.

In inji yana gudu amma faranti yana jan ƙafa, ko muryar mawaƙi tana hawa tana sauka kamar mai maye, sai a koma kan tayar roba. Tsufa yakan sa ta taurare ta yi ƙyalli, ta riƙa zamewa. In kuma an ajiye garmahon shekaru da tayar matse jikin sanda, sai ta loɓa a wuri ɗaya, a riƙa jin bugu a kowane zagaye. Wadda ta yi ƙyalli kawai, ana iya goge ta da alkol a ɗan kankare bakinta da takardar yashi mai laushi. Wadda ta tsage ko ta loɓa, sai an sake mata roba. Haka nan ƴan robobin da injin yake rataye a kansu: in suka saki, injin yakan sauka ƙasa, tayar ta faɗa tsakanin mataki biyu, gudu ya rikice.

Auna gudu ba ya bukatar wata na'ura. A sa ɗigon alli a bakin faranti, a ƙirga da agogo. A kan 45, alamar za ta wuce sau 45 a minti ɗaya. A kan 33, wanda a haƙiƙa 33 ne da sulusi, za ta wuce sau 100 cif cikin minti uku.

Akwai wata matsala da ƴan kasuwa masu sayo tsofaffin kaya ya kamata su sani. Irin waɗannan injuna gudunsu yana bin bugun wutar lantarki ne. A Nijar, Najeriya da Faransa wutar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuwa sau 60. Garmahon da aka ƙera don Amurka, ko an sa masa taransifoma ya rage ƙarfin wuta, zai yi kashi biyar ne cikin shida na gudunsa: faifan 45 ya koma 37 da rabi, muryar mace ta yi kauri. Babu man da ke gyara wannan, sai an sauya kan sandar da wanda aka yi don bugu 50.

Garmahon da aka yi daga baya, masu jan faranti da igiyar roba, nasu ciwon dabam ne. Igiyar takan saki ko ta narke. Wasunsu kuma suna da ɗan kondansater da ke nuna wa inji inda zai juya. In ya lalace, injin yakan tsaya yana rawar ɗari, sai an tura shi da yatsa, wani lokaci ma ya juya da baya. Kuɗin sabon kondansater bai taka kara ya karya ba.

Sai bayan duk wannan ne ake zargin naɗin wayar inji. Mai gyaran rediyo zai auna ta da mitarsa. In allura ba ta motsa ba, ko wayar ta yi baƙi tana ƙauri, to lalle ta ƙone. Ko a nan ma ba a yanke ƙauna ba, domin masu sake naɗin fanka suna iya aikin, muddin sun ƙirga zagayen tsohuwar wayar kuma sun sami mai kaurinta. Sai dai a yi hattara: garmaho mai fitilun gilashi a cikinsa yakan riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango, don haka ɓangaren sauti a bar wa masu sana'ar.

Wanda ya yi dace nasa ya tashi, ya riƙa mai da makunnin gudu kan sifiri in ya gama saurare, domin tayar ta rabu da sanda. Ya rufe akwatin daga ƙura, ya nisanta fayafayai da rana, ya jera su a tsaye, ya kuma riƙa kunna injin lokaci-lokaci don mai ya zagaya. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an san yadda ake adana ta.