Inshorar Mota: Wa Zai Biya Kuɗin Hayar?

Yau shirinmu ya yada zango a Kwali, garin Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20. Sai dai ba tukwane suka kawo mu ba. Titin Abuja zuwa Lokoja ne ya kawo mu, wanda ya ratsa nan ya bi ta Yangoji ya nufi Abaji, tirela na bin tirela dare da rana.

An buge maka mota a wannan titi. Alhamdu lillahi, rai ya tsira. Me ya saura? Mafi yawanmu a gefen hanya muke kashe magana: a kira fanabita ya yi kuɗi, dattawa su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Takardar inshora kuwa tana cikin mota, ba mai tuna ta sai ɗan sanda ya tambaya.

Abin da ya ba ni mamaki, tun 1945 aka fara kafa dokar da ta wajabta wannan takarda, zamanin Turawa! Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiya kuma daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Miliyan 3, jama'a. Amma fa motar wanda ka buge ake gyarawa da ita, ban da taka.

To, ga inda rigimar take. Kamfanin inshorar wanda ya buge ka zai turo mai kimanta ɓarna, ya duba lissafin bakanikenka, ya zaftare. Zai ce fitilarka tsohuwa ce, ba ya biyan kuɗin sabuwa cikakke. Kai kuma mota na gareji, kullum kana ɗaukar shata zuwa Gwagwalada, ko kana biyan kuɗin kai yara makaranta. In motar haya ce, balas ya tsaya cak. Wa zai biya wannan?

Ko babbar inshora gare ka, mai gyara har da taka motar, galibi ba ta ɗaukar kuɗin hayar wata mota sai an rubuta hakan cikin yarjejeniya. Idan wani ne ya buge ka, kana iya neman kuɗin daga gare shi, amma kotu ba ta karɓar "na kashe kuɗi da yawa". Rasit take so, da kwanan wata. Direban shata a Kwali ya ba da rasit? Ai sai ka roƙa, ko a takardar littafin makaranta ce, ya sa hannu.

Sannan akwai takardar sallama da kamfani ke miƙo maka kafin ya biya. Sa hannunka na nufin ka yarda an biya ka duka, magana ta ƙare. Na maimaita: in kuɗin bai yi maka ba, kada ka sa hannu. Rubuta musu ƙorafi, ka haɗa da hotunan haɗarin, rahoton 'yan sanda da lissafin wani bakanike na biyu. Suka yi biris, NAICOM na da sashen karɓar koke a Abuja.

Lokaci na hararar mu. A gurguje: akwai takardun bogi da 'yan kamasho ke sayarwa, don haka ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na NIID. Mai ƙyamar inshora saboda addini kuma, akwai takaful, wato inshorar tsarin Musulunci.