Matsayin Haɗari na Tsofaffin Madatsun Ruwa a Amurka da Abin da Yake Nufi ga Masu Dukiya

Rajistar madatsun ruwa ta ƙasar Amurka, wadda sashen injiniyoyi na rundunar sojan ƙasar yake kula da ita, tana ɗauke da madatsu fiye da 90,000. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan madatsu mallakar 'yan kasuwa ne, da manoma, da ƙungiyoyin masu gidaje, kuma da yawansu ƙanana ne da suka haura shekara 50 da ginawa.

Hukumomi suna kasa madatsun gida uku dangane da haɗarinsu. Mai babban haɗari ita ce wadda idan ta fashe ake kyautata zaton za a rasa rai. Mai matsakaicin haɗari ita ce wadda fashewarta za ta jawo hasarar dukiya, ko ta katse hanyoyi da wutar lantarki, ba tare da ana sa ran mutuwa ba. Mai ƙaramin haɗari kuwa, ɓarnarta ba ta cika wuce filin mai ita ba.

Abin lura a nan shi ne, wannan rabo yana auna abin da ke ƙasan madatsa ne, watau gidaje da masana'antu da ruwa zai bi ta kansu. Lafiyar ginin kanta ana auna ta da ma'auni dabam, bayan injiniyoyi sun duba tsagewa, da yoyo, da girman mafitar rarar ruwa. Saboda haka sabuwar madatsa mai ƙarfi tana iya zama mai babban haɗari, yayin da wadda ta lalace a tsakiyar daji take zaune a matsayin ƙaramin haɗari.

Har ila yau, matsayin yana canzawa. Madatsar da aka gina a cikin gonaki takan koma mai babban haɗari da zarar gari ya faɗaɗa zuwa ƙasanta, sai doka ta wajabta wa mai ita faɗaɗa mafitar ruwa da tanadin shirin kwashe jama'a. Nan ne matsalar kuɗi take ɓullowa, domin sau da yawa gyaran yakan fi ƙarfin abin da madatsar take samarwa.

Madatsar Edenville a Jihar Mishigan misali ce. An gina ta da ƙasa a shekarun 1920 domin samar da lantarki, kuma kamfanin Boyce Hydro ne ya mallake ta. A 2018 hukumar makamashi ta tarayya ta soke lasisin kamfanin, bayan shekaru tana nemansa da ya faɗaɗa mafitar ruwa. A ranar 19 ga Mayu, 2020, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar ta fashe, ruwan kuma ya shafe madatsar Sanford da ke ƙasanta. An kwashe mutane kimanin 10,000, an kuma ƙiyasta hasarar da ta haura dala miliyan 200, ko da yake ba a rasa rai ba. Cikin shekarar kamfanin ya bayyana karyewarsa a gaban kotu, aka bar wa hukumomi da masu gidajen bakin tafkin nauyin sake ginawa.

Darasin da ke cikin wannan ga mai zuba jari a fili yake. Wanda zai sayi madatsa, ko filin da ke ɗauke da ita, ya sayi alhakinta har da bashin gyaran da aka jinkirta. Wanda kuma zai kafa masana'anta ko ɗakin ajiyar kaya a ƙasanta, ya kamata ya nemi sanin matsayin haɗarinta, da sakamakon dubawar ƙarshe, da kuma ko mai ita yana da ƙarfin biyan diyya.