Yadda Injiniyoyin Faransa Suka Koya Wa Kwamfuta Zana Lanƙwasa

Miƙaƙƙen layi da da'ira ba su da wuyar zanawa, rula da kamfas sun isa. Amma jikin mota ba haka yake ba. A da, sai gwanaye sun sassaƙa siffarsa da yumɓu ko katako, sa'an nan a yi ta aune-aune kafin a ƙera ƙarfen da zai buga shi. Kuskure kaɗan, sai ƙofa ta ƙi zama daidai.

A shekarar 1959 wani masanin lissafi na kamfanin Citroën, watau Paul de Casteljau, ya gano hanyar bayyana lanƙwasa da lambobi, amma kamfanin ya ɓoye aikin don gudun abokan gasa. Shi kuwa Pierre Bézier na kamfanin Renault ya kai ga irin wannan dabara da kansa, ya kuma bayyana ta a fili. Saboda haka sunansa ne ya bi ta.

Ga yadda take: mai zane zai sa ɗigo huɗu. Layi ya tashi daga na farko ya ƙare a na huɗu, biyun tsakiya kuwa suna janyo shi kamar maganaɗisu ba tare da ya taɓa su ba. Da an gusar da ɗigo ɗaya sai siffar ta sake nan take, lambobin kuma su tafi ga injin yankan ƙarfe.

Har haruffan da ke wayar mai karatu a yau, da irin wannan lanƙwasa aka zana su.