Yadda Mu'amalar Yau da Kullum Take Gina Mutum: Misali Daga Idu

Masu iya magana na cewa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan maƙala za ta duba yadda kira da gaisuwa da hira suke sa mutum ya san ko shi wane ne.

A shekarar 1902 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Charles Cooley, ya kamanta jama'a da madubi. A ganinsa, mutum yakan ƙiyasta yadda wasu suke kallonsa da hukuncin da suke yi masa, daga nan sai ya ji alfahari ko ya ji kunya. A hankali wannan ji yakan zame masa hali.

Idu, a Babban Birnin Tarayya Abuja, wuri ne da ake ganin haka a fili. Asali ƙasar Gbagyi ce, amma masana'antu da tashar jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, wadda aka buɗe a 2016, sun tara ƙabilu iri-iri. A teburin mai shayi, saurayi guda zai iya amsa suna uku kafin hantsi. Dattijo ya ce masa "yaro", sai ya rusuna ya sassauta murya. Ɗan acaɓa ya ce masa "oga", sai ya gyara tsayuwa. Mai shayi ya ce masa "malam", sai ya kama kansa. Kowane kira yana ɗauke da halin da ake so ya nuna.

Sunan yanka ma da laƙabi haka suke. Shahararriyar maginiyar tukwane Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, 'yar Gbagyi ce, amma sunanta na Hausa ne, wato wadda aka haifa ranar Lahadi. Cuɗanya ce ta kawo haka.

Sai dai madubin yakan cutar. Ni da na koyi Hausa da girmana, na san zafin a ce maganarka "gwaranci" ce, kalmar da ke muzanta ɗan koyo, ta kuma muzanta al'umma guda. Wanda aka yi wa dariya yakan kame bakinsa. Wanda aka ce wa "kai, ka iya Hausa", gobe shi zai fara gaisuwa.

Daga ƙarshe, ya kamata mu ɗaliban harshe mu lura da abin da muke kiran mutane, domin da bakinmu ake gina su.