Yaro Mai Shiru Da Tausayi: Halitta Ce, Amma A Sa Ido

An san ƙasar Zuru da jarumtaka. Ita ta haifi Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojin ƙasa ta Najeriya daga 1996 zuwa 1999, kuma gidaje da yawa a nan suna alfahari da ɗa ko jika a bakin daga. A al'adar Lelna, mutanen wannan ƙasa waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayi kan nuna isarsa a fagen kokawa da kuma gonar surukai lokacin golmo, wato noman neman aure. To, a irin wannan wuri, ina matsayin yaron da ba ya son hayaniya, wanda in za a yanka kaza sai ya sulale, in ana biki ka same shi a bayan rumbu yana lallashin ƙaninsa da aka doka?

Sunayen da ake laƙaba masa ba su da daɗi: miskili, dolo, rago. Wani uban ya ce sai ya cire masa wannan sanyin da bulala, wata uwar ta yi zargin iska ce, ta nufi gidan mai magani a yi masa hayaƙi. Alhali yawancin irin waɗannan yara lafiyarsu ƙalau.

Masana sun daɗe da sanin wannan hali. Likitan Girka, Galen, a ƙarni na 2 miladiyya, ya danganta ɗabi'ar mutum da ruwaye huɗu da ake zaton su ke tafiyar da jiki, kuma mai sanyin hali shi ne wanda aka ce majina ta rinjaya. Ibn Sina ma ya bi wannan tsari a littafinsa Al-Ƙanun. Likitancin zamani ya watsar da batun ruwayen, amma bambancin halin yana nan. A 1921 Carl Jung na ƙasar Suwizalan ya bambanta mai samun kuzari a cikin jama'a da wanda sai ya kaɗaita hankalinsa ke dawowa jikinsa. Daga baya Jerome Kagan na Jami'ar Harvard a Amurka ya gwada jarirai 'yan wata 4, ya ga kusan kashi 20 cikin 100 suna firgita da kuka in an nuna musu sabon abu. Da yawansu sun taso da kunya da taka-tsantsan, ko da yake ba duka ba. Wato da halin ake haihuwar wasu, sai dai tarbiyya na iya gyara masa zama.

Mai wannan hali yana da amfanin da ba a cika gani ba. Shi ne mai sauraro har ka gama magana, mai riƙe sirri, mai jinyar tsoho ba tare da ƙosawa ba, mai shiga tsakani in rigimar gona ta tashi. Rauninsa kuwa shi ne nauyin baki. Ba ya iya cewa a'a. A karɓi bashinsa a ƙi biya, a jibga masa aikin wani, ya haɗiye. Don haka abin da yake buƙata a koya masa shi ne faɗin ra'ayinsa da kare haƙƙinsa, ba a tilasta masa ya zama mai surutu ba.

Ga matasa kuma akwai jan kunne. Gwaje-gwajen hali sun cika wayoyi: ka amsa tambayoyi, a ce maka kai INFP ne. Wannan tsari na nau'o'i 16 Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers ne suka gina shi a kan ra'ayin Jung a shekarun 1940. Ba gwajin asibiti ba ne, kuma mutane da yawa in suka maimaita bayan 'yan makonni sai sakamakon ya sauya. Kada wani ya fasa aure ko ya bar karatu saboda haruffa huɗu.

Babban gargaɗin shi ne a bambanta shirun halitta da shirun ciwo. Mai shirun halitta yana cin abinci, yana barci, yana da aboki ko da ɗaya ne, yana dariya in ya sake. Amma wanda a da yake hira sai kwatsam ya janye, ya daina jin daɗin abin da yake so, barci da ci suka lalace har mako 2 ko fiye, wannan alamar ciwon damuwa ce. A lura musamman da yaran da suka baro ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba saboda hare-haren 'yan bindiga, domin mai tausayi ya fi riƙe abin da ya gani a zuci. In har mutum ya fara cewa gara ya mutu, kada a bari a kwana: a kai shi babban asibitin Zuru, in ya cancanta a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Ciwon yana da magani.

Iyaye da malamai, ku zauna da ɗanku mai shiru, ku tambaye shi a keɓe, ku ba shi lokaci ya amsa. In halinsa ne, ku bar masa abinsa. In ya sauya, ku kai shi ga likita.